Koren Ɗigo a Wayar Inna

Idan na tuna daminar da Yaya ya rasu, ba makokin ne yake fara zuwa mini ba. Ɗakinsa nake gani da rana tsaka, an ɗage labule, hadari ya kwanta a kan duwatsun bayan gari ba shi da niyyar tashi, ga kwamfutarsa a kan tebur an rufe ta da tsohuwar leda saboda kwanon ɗakin yana yoyo daidai wurin. Ina jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na man babur. Wani lokaci sai in rasa ko tunawa nake yi ko mafarki, domin kwanakin nan duka haka suka wuce mini, ido a buɗe amma rabin hankalina yana wani wuri.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta. Fatauci ne ya kawo kakanninmu Mubi daga yamma, kuma kowa a gidanmu ɗan kasuwa ne sai shi, da ya ɗauki awon gonaki ya mai da shi sana'a. Da sassafe zai hau babur ya nufi Maiha ko Sahuda, ya yini yana bin iyakar gonakin mutane da wata 'yar na'ura a hannu, ya dawo da taɓo har gwiwa, ya zauna gaban kwamfuta ya zana abin da ƙafarsa ta taka. Manoma suna son sa saboda ba ya gajiya da sauraron labarin wane kaka ne ya dasa wace bishiya. Mu kuwa a gida abin da muka fi saninsa da shi shi ne bai iya kulle komai ba. Mutum ne da zai bar makulli a jikin babur a bakin kasuwar shanu ya tafi salla, idan aka yi masa magana ya ce ai ɓarawon ma zai ji kunya. Kwamfutar ma haka ya yi da ita. Ta zama ta unguwa, mai katin biki ya zo, mai neman makaranta ya zo, kuma duk sanda ta tambaye shi ko ta riƙe masa kalmar sirri sai ya ce ta riƙe, shi kansa ya cika da gonaki.

Ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba. Kunyar ɗan fari ce, kuma Inna da gaske ta riƙe ta, ba irin ta matan yanzu da ake yi ana dariya ba. "Yayanku" take cewa, idan kuma ranta ya ɓaci ta ce "mai babur". Da safe zai durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon tukunya, shi ma ya tashi yana kallon ƙasa, an gama hirar yini ke nan. Idan ba shi da lafiya ni take ba kunu in kai masa, in na dawo ba za ta tambayi jikinsa ba, sai dai ta leƙa kwanon ta ga ko ya sha. Ina yarinya na ɗauka ba ta son sa. Sai da na girma na lura cewa duk ranar da ya makara a hanya Inna ba ta iya cin abinci, sai ta ɗauki tsintsiya ta yi ta share tsakar gidan da aka riga aka share.

Shi ya saya mata waya mai shafawa. Da yake ba za su iya zama su haɗa kai a kan abu ɗaya ba, ni ya koya wa don in koya mata. Ya nuna mini hotonsa a manhajar da muke aika wa juna saƙo, da wani ɗan koren ɗigo a gefen hoton. Ya ce in gaya mata idan ta ga ɗigon ya kunnu, to yana nan lafiya, ya sami sabis, wayar tana hannunsa. Inna ba ta yi boko ba, ta ce ita me za ta yi da wannan tarkacen. Amma daga ranar ta daina sharar banza. Idan ya tafi ƙauyukan bayan dutse sai ta ajiye wayar a kan cinya tana ɓarar gyaɗa, can sai ta kalla, ta ga kore, ta ci gaba da aikinta. Ba ta taɓa aika masa ko kalma ɗaya ba.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kuma bai daɗe ba. Lokacin hutun makaranta ne, na zo daga Yola inda nake koyarwa da niyyar in huta, sai ga ni a cikin makoki. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Mata suna ta yaba haƙurinta, ni kuwa raina yana tafasa, don ni mai zafin kai ce, kuma na so ko sau ɗaya ta fasa ihu in san ba ni kaɗai aka yi wa rashi ba. Matarsa ta shiga takaba a ɗakinta. Wayarsa kuwa Inna ta kashe ta, ta naɗe a cikin hularsa, ta sa a ƙasan akwati ta kulle.

A kwanakin zaman makoki babu wuta a unguwarmu, kuma ɗakin Yaya ne kaɗai mai sola. Mutane sun zo daga garin Uba, daga Maiha, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, kowa da wayarsa da ta mutu a hanya. Wanda ya taso daga nesa ya zo yi maka ta'aziyya ba ka ce masa a'a, ko ruwan alwala ya nema ko wurin caji. Da soket suka cika sai aka kunna kwamfutar aka riƙa soka wayoyi a jikinta, har ta koma kamar kyanwa mai shayarwa. Wasu kuma filash suka kawo, suna so a sa musu hoton marigayi su tafi da shi. Na tuna wani ya ce hoton ya ƙi buɗuwa, wani ya ce yana da manhajar da ke buɗe kowane irin hoto, aka sa, aka danna. Har yau ban san ko wane ne ba, kuma na tabbata shi ma bai san abin da ya ɗauko a filash ɗinsa ba.

Bayan an watse gidan ya yi shiru, sai ruwan sama. Manoma suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, su yi gaisuwa, sannan su tambaya cikin jin nauyi ko zanen gonarsu yana nan. Ni nake kunna kwamfutar in nemo musu. Wani tsoho daga Maiha ya daɗe yana kallon tasa gonar a fuskar kwamfutar, ya sa yatsa yana bin layin a hankali, ya nuna mini inda suka zauna suka sha ruwa shi da Yaya. Wasu sai su ce in tura wa ɗansu da ke birni, in soka modem in tura. Na lura kwamfutar ta yi nauyi, kuma fankarta tana ta huci ko ba a sa ta komai ba. Na ɗauka danshi ne.

Inna ma na lura ta canza. Da la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, wayar a kan cinya, fuskarta ta saki irin sakin da ban gani ba tun kafin rasuwar. Wani lokaci ta shiga ɗaki ta tura ƙofa, in riƙa jin muryarta ƙasa-ƙasa, tana yi tana tsayawa. Na ce a raina lazimi take yi, har na ji daɗi.

Ɗan kawunmu da ke Uba ne ya kira ni wata safiya. Ya ce Yaya ya yi masa magana. Na ce ya yi masa addu'a, mafarkin mamaci ba abin tsoro ba ne. Ya ce ba mafarki ba ne, a waya ne, ya rubuto masa cewa wata lamba za ta shigo wayarsa bisa kuskure, don Allah ya turo masa. Ban gama da shi ba sai ga kiran wani abokin Yaya na makaranta da ke can Kudu, wanda bai ma ji rasuwar ba. Shi ya riga ya tura lambar, kuma nan take aka kore shi daga nasa shafin. Faɗa ya kira ya yi, yana cewa wannan wane irin wasa ne Yaya yake yi da shi. Ni na gaya masa Yaya ya rasu.

Na buɗe tawa wayar na nemo hoton Yaya. Ga ɗigon nan kore shar. Gaskiya na ɗan lokaci ban yi tunanin ɓarawo ba. Gani na yi yana can wani ƙauye a bayan dutse inda sabis ba ya kaiwa, ya daɗe yana awon wata gona mai faɗi da ta ƙi ƙarewa, sai yau ya hau tudu wayar ta kama. Na ga rigarsa a jiƙe, na ga ya ɗaga wayar sama yana dariya. Sannan kazar Inna ta ture kwano a tsakar gida, na dawo hayyacina, sai fushi ya rufe ni.

Na sami Inna a madafa na miƙa mata wayar.

"Na gani," ta ce, ba ta ko karɓa ba.

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Inna, ba shi ba ne. Ɓarawo ne ya shiga, yana cutar mutane da sunansa."

"Na ce miki shi ne? A gabana aka fita da shi." Ta gyara itace a murhu. "Ki bar abin mana. Me ya tsare miki?"

Na fito na tsaya a zaure, a nan na gane abin da ke gabana. Idan na kori ɓarawon, na kashe wa Inna ɗigonta da hannuna. Idan na bar shi, sunan Yaya zai ci gaba da bin gidaje yana yi wa masu ƙaunarsa ƙarya.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Madam. 'Yar duwatsun Michika ce, tana koyar da ilimin kwamfuta a wata babbar makaranta a gari, kuma mun yi shekaru muna miƙa wa juna abinci ta kan katangar, mu da Salla, su da Kirsimeti. Ta sha yi wa Yaya faɗa a kan yadda ya saki kwamfutarsa, shi kuwa sai ya kawo mata ɗanyar masara daga ƙauye ya rufe mata baki. Hausarta irin ta Mubi ce, babu ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Na same ta tana gyaran yakuwa, na zayyana mata komai, har da zaman Inna a gindin bishiya.

"Kai, sannu," ta ce. "Wannan abu turojan ne sunanshi. Ba ya fasa ƙofa fa. Zai zo kamar baƙo mai kirki, ya ce ni mai buɗe hoto ne, ku da kanku za ku ce bisimilla shigo. In ya zauna, duk fasword da kwamfuta ya riƙe zai kwashe ya aika ma maigidanshi."

"Maigidan nasa yana ina?"

"Wa ya sani? Ko bayan mayo ne, kogin nan namu, ko bayan teku."

Na ce to mu je mu canza kalmar sirrin yanzu-yanzu.

"A'a, ki yi sanyi. In kin canza a kan wannan kwamfuta, sabon ma zai kwashe. Sai mun cire shi tukuna. Bayan haka mu canza a kan nawa, kuma lamba zai shigo layin Yayanki, dole mu samu wayanshi." Ta ajiye yakuwar ta dube ni. "In mun gama, koren nan zai mutu. Mama ya sani?"

Na ce Mama ta fi ni sani.

Bayan azahar ta shigo da filash ɗinta a ƙulle a haɓar zani. Ta tsaya ta gaida Inna, Inna ta amsa da fara'a, ba ta nuna ta san abin da ya kawo ta ba. Abu na farko da Madam ta yi shi ne zare modem ta ajiye a kan taga, ta ce yanzu baƙon ba shi da hanyar aike. Sannan ta kashe kwamfutar ta sake tayar da ita ta wata hanya da ba ta barin komai ya farka sai abin da ya zama dole. Hoton da Yaya ya sa a fuskarta, na mayo ya cika ya tumbatsa, ya ɓace, sai baƙi, rubutun ya yi manya-manya. Ɗakin ma sai na ga ya canza mini, kamar an kwashe kaya za a yi ƙaura.

Ta sa na kwafe zanen gonaki da hotuna na ajiye daban, ta ce ban da duk wani abu mai kama da manhaja. Daga nan ta saki tata manhajar mai farautar irin waɗannan baƙin, wadda ta sauko da sabuwarta a gida, muka zauna jira. Ruwa ya sauko. Na matsar da tebur daga inda ke yoyo na sa bokiti.

Sunayen abubuwan da ke cikin kwamfutar suka fara wucewa da sauri, ɗaya na korar ɗaya. Idona yana kama wasu. Gonar wane a Sahuda. Fadamar su wance. Katin auren wata yarinyar unguwa da yanzu take da goyo. Takardar neman aikin wani da ya daɗe da barin gari. Hotunan bikin sunan ɗana. Ban san Yaya ya ajiye rabin waɗannan ba. Ga ƙarar ruwa a kwano, ga ɗigar bokiti, ga sunayen suna ta gudu, sai gyangyaɗi ya ɗauke ni a zaune. Na ga kaina ina bin sa a baya cikin doguwar dawa da ta shanye mu, yana tafe yana kiran sunan kowace gona, gonar tana amsawa. Ina ta sauri in cim masa in ce ya zo ya kulle ɗakinsa, amma ƙafata tana nutsewa a taɓo, shi kuwa ko juyowa bai yi ba.

Madam ce ta taɓa ni. "Ga shi."

Na zaci zan ga wani abu mai ban tsoro. Layi ɗaya ne ja, da ɗan suna mai kama da na mai buɗe hoto. Ya ɓuya a wani lungu inda kwamfuta ke zubar da tarkacenta, ya kuma cusa kansa cikin abubuwan da ke tashi duk sanda aka kunna ta. Ranar da ya shiga tana rubuce a gefe, cikin kwanakin makoki. Ƙanƙantarsa ce ta fi ba ni haushi, don na so a ce yana da wuya in shaƙe. Madam ta ce in danna da kaina, na danna da ƙarfi don mugunta, ya tafi. Ta cire shi daga cikin masu tashi, ta share duk kalmomin sirrin da kwamfutar ta riƙe, ta sake kunnawa, ta sake farauta daga farko, ba a sami komai ba. Ta ce in bi gidajen unguwa in gaya wa duk wanda ya taɓa shiga shafinsa a nan ya canza tasa kalmar. Hoton mayo ya dawo, fankar ta yi shiru.

"An cire baƙo," in ji Madam tana ƙulle filash ɗinta, "amma makulli yana hannun maigidanshi har yanzu."

Na duba wayata, ɗigon yana nan kore.

Na nemi wayar Yaya a wurin Inna, ta ce ta manta inda ta sa makullin akwatin. Innar da ta san inda kowace allura take a gidan nan! Na sake tambaya washegari ta ce kanta yana ciwo. Na bi unguwa na yi aiken Madam, inda na tarar rabin mutane ba su ma san tasu kalmar ba balle su canza, sun daɗe da bar wa kwamfutar Yaya ta tuna musu. Na kira 'yan'uwa na ce kada kowa ya amsa saƙon Yaya, kuma duk sanda na faɗi haka sai in ji bakina ya yi ɗaci. Amma mutanen da Yaya ya sani sun fi ƙarfin kirana. Da la'asar ina kallon Inna ta taga, ganyen dalbejiya yana zubo mata a kan mayafi, ita da wayarta, sai in rasa ta inda zan fara. Tausayinta nake ji, kuma ina jin haushinta, duka a lokaci guda. Ni kaina nakan tsinci yatsana ya nemo hoton Yaya ba tare da na aike shi ba, in ga koren, in ji ƙirjina ya ɗan sauka, sannan in tsawata wa kaina.

Abin da ya raba gardamar ba daga wurina ya zo ba. Wani hantsi muna tsakar gida sai muka ji ƙara daga ɗakin matar Yaya, irin ƙarar da ba ta yi ba ko ranar rasuwar. Na ruga na same ta a ƙasa, wayarta a gefe. Tun da ta shiga takaba ba ta kunna data ba sai ranar, don ta ga saƙon 'yan'uwanta, kuma an ɓoye mata zancen don kada a ƙara mata damuwa. Saƙon mijinta ta tarar a sama, yana tambayar ta ya take, yana cewa wata lamba za ta shigo.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ta. Ta juya ta shiga ɗakinta, na ji ƙarar akwati, ta fito ta ajiye hular a gabana da wayar a ciki, ta ɗauki tabarmarta.

Madam ta kawo tata kwamfutar ta hannu muka zauna a ɗakin Yaya. Wayarsa ta sha caji ta farka, ta yi ta kuka da saƙonnin mutanen da suka neme shi bayan ya tafi. Muka nemi lambar, ta shigo. Madam ta ce in zaɓi doguwar kalma wadda ba sunan kowa ba ce a gidan, ta juya baya har na gama rubutawa. Sai ga ni a cikin shafin Yaya, ina kallon mutanensa ta inda yake kallonsu.

Ɓarawon ba shi da wata fasaha. Magana ɗaya ya riƙa liƙa wa kowa, malamai, manoma, dillalan kasuwa, tsofaffin abokai. Ina gangarawa sai na ga hoton Inna, wanda ni na ɗauke ta ranar Salla tana kare fuska da mayafi. Na buɗe. A ɓangaren Yaya babu komai, ɓarawon bai rubuto mata ko harafi ba. A nata ɓangaren kuwa saƙonnin murya ne a jere, tun daga ranar da ɗigon ya dawo, wasu gajeru, wasu dogaye ƙwarai, kuma kowanne da alamar an saurara. Ban ma san ta iya danna wurin ba.

Ban saba da kwamfutar Madam ba, yatsana ya goga inda bai kamata ba. Muryar Inna ta cika ɗakin. Ta yi gyaran murya, ta ja numfashi, sannan ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, a hankali, kamar tana ɗanɗana shi. Ta sake kira. Ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Na lalubi wurin tsayarwa na danna. Madam ta tashi ta tsaya a taga tana kallon duwatsu, ta daɗe a can.

Ban saurari sauran ba, kuma ba zan saurara ba. Na zauna ina tunanin mutumin nan, ko a ina yake, da muryar wata tsohuwa a kunnensa. Ban sani ba ko ba ya jin Hausa ne, ko kuwa ya ji sarai shi ya sa bai nemi komai a wurinta ba. Na tsane shi, kuma shi kaɗai ne a duniya ya san abin da Inna ta ce wa ɗanta.

Saura abu ɗaya, wurin da za a danna a fitar da kowa daga shafin, ko a ina yake. Madam ta dawo ta nuna mini da yatsa. Na ce ta dakata. Na ɗauki kwamfutar na fita da ita gindin dalbejiya, na durƙusa a gefen tabarma. An yi yayyafi an ɗauke, rana ta leƙo, ganye yana ɗiga. Wayar tana kan cinyar Inna, ɗigon yana kore.

"Inna, mun shiga. Idan na danna nan, shi ke nan."

Ba ta kalle ni ba. Ta san na gani, ni ma na san ta sani.

"An ji su?" ta ce.

"An ji."

"Duka?"

"Duka, Inna."

"Bai ce komai ba?"

"Bai ce ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Yayanku ma da haka zai yi." Ta kakkaɓe wani ganye daga kan zaninta. "Rufe."

Na danna na fitar da kowa, sannan na fita ni ma. Ɗigon bai mutu nan take ba, ya ɗan jima, mu biyu muna kallonsa, sannan hoton Yaya ya tsaya shi kaɗai. Inna ta ci gaba da kallon wayar har haskenta ya dushe da kansa, ba ta sa yatsa ta tashe ta ba.